Kuɓewar Abokin Zamana

Ranar da malaminmu ya tsinki kuɓewar abokin zamana ya ɗaga ta sama a gaban ɗalibai, ina tsaye a kunya ta gaba da bokitin ban ruwa a hannu. Ya jujjuya ta, ya karya bakinta da babban yatsa, sannan ya ce da Larabcinsa na Masar wannan ta wuce zama a gonar gwaji, dole a nema mata takardar haƙƙin mallaka. Kowa ya ce masha Allah. Ni ma na ce, har na fi kowa ɗaga murya. Amma ruwan bokitin nan a kan takalmina ya ƙare, ban ankara ba sai da safa ta jiƙe.

Jirgi ɗaya ya sauke mu a Alƙahira ni da shi, tallafin karatu iri ɗaya ya kawo mu. Yawancin 'yan ƙasarmu da ke nan fiƙihu da hadisi suke karanta, mu biyu ne muka ɓata muka faɗa tsangayar aikin gona, shi ya sa suke kiranmu manoman Fir'auna. Muka kama hayar shaƙƙa ɗaya, wato ɗan sashen gida, a unguwar Hay el-Sabi', can ƙarshen bene, inda ruwan famfo ke isowa in ya ga dama. Muka gama digirin farko tare, muka zarce na gaba tare, a ƙarƙashin malami ɗaya da kowa ke kira duktur.

Ni ne mai kai a cikinmu, kuma ba yabon kai ba ne, kowa ya shaida. Ni ke zuwa na ɗaya. Ni ke gyara masa Larabci in zai yi magana da duktur, ni ke nemo masa makullinsa da yake yarwa kusan kowane mako. Bincikena a kan wake ne, ina neman wanda zai jure ruwan gishiri, aiki mai tsari da awo da lissafi. Shekara da shekaru ina shukawa, waken yana fitowa da kyau, ya yi ganye, ya ba ni rai, sannan ya mutu cikin ladabi.

Shi kuwa kwaɗayi ne ya fara nasa binciken. Kuɓewar Misirawa, wadda suke kira bamiya, 'yar ƙarama ce kamar yatsan jariri, da tumatir suke dafa ta, kuma duk ƙoƙarinsu a kashe yauƙinta ne. Abokina ya ci sau ɗaya ya ajiye cokali, ya ce miyar kuɓewar da ba ta ja ai cin mutunci ce. Ya aika gida, kakarsa ta ƙullo masa irin tata a bakin tsumma. Ya shuka a bokitai a kan rufin benenmu. Ta tashi ta wuce tsayin mutum, ta yi ta ganye, ta ƙi fure sai da sanyi ya kawo kai, don yanayin nan ba nata ba ne. Sai ya ce to bari ya ɗaura mata aure da 'yar gari.

Kullum da yamma yana kan rufi yana buɗe furen da bai buɗe ba, yana cire masa abin da zai cire. Da safe bayan sallar asuba ya koma ya shafa masa ƙurar furen ɗaya irin, ya ɗaure da zare. Ni na raɗa masa limamin auren kuɓewa, sunan ya bi shi har masallaci. Ina yi masa dariya sosai a lokacin, dariyar wanda ya tabbata shi ke kan hanya. Shi kuma bai taɓa jin haushi ba. Ya tattara 'ya'yan da auren ya haifa ya shuka, ya zaɓi na kirki ya sake shukawa, ya zubar da sauran. Da abin ya fi ƙarfin rufi ya roƙi duktur 'yan kunyoyi a gonar gwaji. Haka ya yi ta yi har iri ya zauna, wato in ka shuka, duk abin da ya fito kamarsu ɗaya.

Ba zan rage mata komai ba, kuɓewar nan ta yi. Gajera ce iya ƙugu, karanta ja, tana fara 'ya'ya da wuri, ba ta da ƙaiƙayin da ke sa mai tsinka ya yini yana susa. In an shanya ta ba ta yin baƙi. Yauƙinta kuwa, sai ka ɗaga loma daga kwano har baki bai tsinke ba. Na ci ta ya fi a ƙirga, kuma duk cin da na yi bayan ranar nan ta gonar gwaji, da wani abu yake wucewa a maƙogwarona. Sunan abin hassada, ba sai na nema masa wani suna mai daɗin ji ba.

Takardar da duktur ke magana ita ce ke cewa wane ne ya samar da iri kaza, kuma babu mai ninka shi ya sayar sai da izininsa. Sunanka ya zauna a kan irin ke nan, kamfanoni su zo suna sallama. Amma kafin a nema sai an tabbatar irin sabo ne. Duktur ya tura mu wurin wata lauya a Ma'adi da ta san wannan harka, ya ce in raka shi saboda Larabci.

Muka shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, muka sauka a unguwar da bishiyoyi suka fi mutane yawa, inda ake yawo da karnuka a igiya, ba mai busa hon. Lauyar, mace mai gilashi da saurin magana, ta ba mu shayi ta ce ƙofa biyu ce sai an bi ta kowacce. Ta farko, kada a sami wani sanannen iri da ba a iya bambanta shi da naka. Ta biyu, kada ya zama an sayar da irin ko amfaninsa, ko an miƙa wa wasu don kasuwanci da yardarka, fiye da shekara guda a cikin Masar kafin ka nema.

Abokina ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi ya ustaza, ban taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba."

Ta ce, "Tamam. To ku je ku duba ta farkon."

Duktur ya ɗora mini ƙofar farko, ya ce ni ne mai ido. Ban taɓa karɓar aiki da hannu biyu kamar wannan ba. Abokina ya ɗauka ƙauna ce, yana ta gaya wa mutane irin ɗan'uwan da Allah ya ba shi. Ni kuwa abin da nake nema ɗaya ne, in samo wa kuɓewar nan 'yar'uwar tagwaici, in kawo ta in ajiye a gaban duktur da fuskar jimami.

Na bi bayanan duk irin kuɓewar da aka yi wa rajista, ina gwada siffa da siffa, tsawon kara, launinsa, yankan ganye, yawan kusurwar ɗa. Na shiga tsohuwar kasuwar masu sayar da iri, shago shago, ina sayen duk abin da aka ce mini bamiya ce. Wakena na can yana mutuwa ban ko leƙa shi ba. Na shuka abin da na tara a kunyoyi kusa da ta abokina, don a wannan aikin gani ya kori ji, takarda na iya cewa ja alhali jan ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wata da wani tsohon mai shago ya ce daga kudancin ƙasar take. Da ta tsiro na ga karanta ja, sai da na zauna a bakin kunya. Makonnin nan na fi kowa fara'a a Hay el-Sabi'. Ina share ɗaki ba a ce in share ba, har wanke-wanken da yake nasa ne nake yi. Kullum ni ne na farko a gona, ina lallaɓa ta kamar mai jinya. Sai ta fara tsawo. Ganyenta ya tsattsage kamar tafin kaza, na kuɓewar abokina kuwa mai faɗi ne. Tasa ta yi fure ta yi 'ya'ya muka tsinka, ita tana nan tana ta miƙa wuya. Da ta ga dama ta haihu, na taɓa ɗan, ƙaiƙayi ya kama ni har gwiwar hannu.

Na kai wa duktur rahoto yadda abin yake, babu irinta. Ƙarya a kan shuka ba ta kwana, kowa na iya zuwa ya duba, kuma ni ma ina da sauran mutuncin aiki. Abokina ya rungume ni a gaban mutane, ya ja ni wurin mai gasa kaza ya ce in ci iya cikina. Na ci, ina murmushi, ina jin kamar ni aka gasa.

Muka koma Ma'adi don a fara cike-cike. Lauyar tana haɗa takardu ta tambaya, kamar mai neman hira, ina muke kai kuɓewar da muke tsinka duk shekarun nan.

Abokina ya ce, "Ci muke yi, ya ustaza. Saura kuma mu ba mutane."

"Su wa?"

"'Yan'uwa ɗalibai. Da wata Hajiya a Arba wa Nus, inda muke cin abinci ran Juma'a."

"Ɗanya kake ba ta ko iri?"

Ya dube ta da mamakin tambayar. "Duka. Ta roƙa ne. Iri ai ba a hana shi."

Ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur. Ta ce ya je ya tambayi Hajiyar nan abin da ta yi da irin, kuma tun yaushe.

A wurinmu maganarsa daidai take. Mutum na iya hana ka hatsinsa, amma wanda ya hana maƙwabci iri an gama da shi a gari, sai a ce bai san wanda ke saukar da ruwa ba. Ba ciniki ba ne, ba ma kyauta ba ce sosai, abu ne da ake yi kamar amsa sallama. Shi ya sa da ya rantse bai sayar ba, ko kusa Hajiya ba ta faɗo masa a rai ba. Ni ma ba ta faɗo mini ba, kuma da ta faɗo da ban sha wahalar kasuwar iri ba.

Hajiya Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun bar ƙasar Kano da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gida. Rikici ne ya koro ta Alƙahira da 'ya'yanta. Hausarta irin ta mutanen da ce, da Larabcin Sudan a ciki kamar gishiri a miya. A ɗan falonta take sayar da kisra, wani abu kamar sinasir mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa, kuma tana ƙulla garin kuɓewar a leda tana sayarwa, shi suke kira weka. Abokina ya buga mata waya ya ce hukuma na son sanin labarin kuɓewarsa, za mu zo ran Juma'a da 'yan tambayoyi.

Bayan an sauko daga masallaci muka hau mikrobas, ƙaramar motar haya, muka sauka muka shiga tuktuk mai ƙafa uku, ya ratsa da mu lungunan Arba wa Nus yana kauce wa ramuka da masu tura kaya. Tun daga ƙasan bene muka ga takalma. Falon Hajiya ya cika, mata a kan katifa, maza a bakin ƙofa, an kunna turaren wuta, an dafa shayi mai kanumfari. Na ɗauka suna ake yi.

Hajiya ta tarye mu ta ce, "Ku shigo, 'ya'yana. Ya waladi, ɗana, ka ce hukuma na tambaya, to ga su nan na tara maka. A garinmu in aka yi rigimar gona, wanda ya kawo mutanen da suka daɗe suna ganinsa a cikinta shi ke da gaskiya. Waɗannan duk sun ci, sun saya, za su faɗa a gaban kowa."

Ba ta jira ya zauna ba ta fara kira. Wata mata ta ce ita tunda ta ɗanɗana wekar nan ba ta sake sayen wata ba, har aika wa ƙanwarta take yi a wata unguwa. Wani mai ɗan shagon kayan miya ya ce leda nawa aka kawo masa ba ta kwana. Wata tsohuwa ta ce mijinta da ya daina cin abinci saboda kewar gida, da miyar nan ya dawo. Kowa ya gama sai ya ɗaga hannu ya yi wa abokina addu'a, ɗaki ya amsa da amin.

Sannan ta kira surukinta, mijin 'yarta, dogon mutum mai hannun manoma. Ya ce yana aiki a wata gona a hanyar hamada, mai gonar ya ba shi gefe yana shuka nasa. Irin da Hajiya ta ba shi ya fara da shi, yanzu buhu buhu yake kawowa, har maƙwabtansa biyu sun karɓa suna shukawa.

Abokina ya tambaya a hankali, "Da na ba da irin, na san za a sayar?"

Hajiya ta yi dariya. "Kai da bakinka ka ce a shuka, a ci, a sayar, Allah ya sa albarka. Ina zaune nan, kana zaune can. Ɗan'uwanka ma yana nan yana cin kisra."

Gaskiya ta faɗa, ina nan, na ma tuna ranar.

"Tun yaushe ke nan, Hajiya?"

Ta waiga ta janyo wata 'yar yarinya da ke ta zagaya ƙafafun mutane da guntun burodi a hannu. "Ka ga jikata? Ranar sunanta da wekar gonar nan aka yi miyar baƙi, wadda ta rage muka sayar."

Yarinyar ta fizge ta ruga, tana gaya wa uwarta da cikakkiyar magana cewa ita ba ta son a taɓa ta. Na bi ta da kallo. Ba sai an zama lauya ba kafin a san wannan ta daɗe da wuce shekara guda.

Wani sanyi ya sauko mini a ƙirji, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Daɗi na ji. Abin da na yi wata da watanni ina nema a kasuwa da gona ban samu ba, ga shi tsohuwa ta kawo da turare da shayi, saboda tsabar ƙauna. Na sunkuyar da kai kan kofina don kada fuskata ta tona ni.

Hajiya ta dubi abokina ta ce, "Shaida ta isa, ko a kira na ƙasan bene?"

Ya ce, "Ta isa, Hajiya. Allah ya saka da alheri." Ya nemi ruwa ya sha, ya ci abincin da aka zuba masa har ya suɗe hannu. Bai gaya mata komai ba, kuma har yau ba ta sani ba.

A mikrobas muna komowa, da muka kusa sauka sai ya juyo wajena. Ya ce, "Ka san da zan yi shiru, ba mai zuwa Arba wa Nus ya tambaya." Ni kaina ban san me nake so ya yi ba. Sai ya ce, "Amma mutanen nan da sunan Allah suka yi shaida. Khalas, magana ta ƙare."

Ranar aikin da ta biyo baya ya je Ma'adi shi kaɗai da gurgun Larabcinsa, ya gaya wa lauyar komai. Lauyar ta ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, ƙofa ta biyu ta rufe, sai dai ya fitar da wani sabo daga jikin wannan, amma wannan karon ya damƙe hannunsa har a sami takarda. Ya dawo yana ba ni labari yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce yaya za a yi ya ci kisrar Hajiya sannan ta roƙi iri ya ce mata lauya ta hana. Duktur ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa sosai.

Daɗin nawa bai yi ƙarko ba. Na koma kan wakena na tarar ya gama mutuwa, na fara sabo. Ina cikin awon gishiri sai hannuwan matan nan su dawo mini a ido, a ɗage, ɗaki na cewa amin. Ni tunda na zo ƙasar nan wa ya taɓa ɗaga hannu saboda abin da na shuka? Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. A matsayina na ɗalibin aikin gona zan ƙara da cewa shi takin ba a taɓa tambayarsa yadda yake ji ba.

Bayan 'yan watanni, wata ranar Asabar da hantsi, mahaifiyata ta kira ni daga gida. Abokina yana kicin yana fasa busassun kuɓewa a faranti yana tara iri. Muka gaisa, ta ba ni labarin damina da na waɗanda suka haihu, sannan muryarta ta canza, ta zama irin wadda take yi in tana ɓoye murna.

"Wato kai ba ka faɗin abin alheri sai dai a ji a bakin mutane?"

"Me aka ji, Inna?"

"Kuɓewar nan mai jan kara. Wani ɗalibi ya kawo wa uwarsa tsaraba daga can, ita ta ba maƙwabta, yanzu duk bayan gidan da ka leƙa a unguwar nan ita ce. 'Yar Masar ake ce mata. An ce wani yaron ƙasar nan ne mai karatun noma a can ya haɗa ta. Na ce musu ai ɗana ne, wa ke karatun noma a Masar in ba shi ba? Jiya har matar liman ta zo yi mini barka."

Na riƙe wayar ina kallon ƙofar kicin. Ba takarda, ba lauya, ba duktur, ba wanda zai taɓa zuwa ya duba. Ko uhm kawai na ce, ta ishe ta. Ina jin ƙwayoyin irin suna zuba a faranti ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ba ni ba ne, Inna. Abokin zamana ne."

Sannan ta ce, "Wanda ka ce kullum yana yar da makulli?"

"Shi."

"To. Allah ya yi masa albarka." Sai ta ƙara da cewa, "Naka waken fa?"

"Yana nan, Inna. Ana kai."

"Allah ya taimaka. Ka ce wa yaron nan in akwai mai zuwa ya ƙaro mana irin, wanda na ajiye na rabar."

Na ajiye wayar na shiga kicin na faɗa masa saƙon. Bai ko ɗago kai ba, ya yagi leda ya ɗebi cikin tafi biyu ya ƙulle, ya miƙo mini, ya ce in rubuta sunan unguwarmu a jiki don shi rubutunsa ba ya karantuwa.